Kayan da Abba Ya Ɗaure

Sallama gare ku, ku da kuka cika min akwatin saƙo da tambayar ina na shige. Sati uku ban rubuta komai ba, har wata ta ce ko amarci ne ya ɗauke ni. Ba amarci ba ne, 'yar uwa. Ki gyara zama, yau ba da labarin dariya na zo ba, kuma in kun gama karantawa duk wadda ta ga dama ta zage ni, ba zan rama ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Tekna, shekarata ashirin da bakwai, gidanmu yana unguwar Sersuf a nan Tamanrasat. Aikina awon kayan matafiya a filin jirgi. Shekara biyar ina tsaye a bayan sikeli, har ta kai in mutum ya tunkaro da akwati, daga yadda kafaɗarsa ta karkata nake sanin kilo nawa ne, da wuya in kuskure da biyu. Goggo Kella, yayar Abbana, cewa take da na iya auna maza yadda nake auna akwatunan mutane, da tuni ina goyon na uku.

Wanda nake so sunansa Aflan. Direba ne, yana kai baƙi masu yawon buɗe ido cikin duwatsu. Yana da farar Toyota, da wata 'yar tirela ta zango da yake ja a baya, akwatin ƙarfe mai taya biyu, in an ɗaga murfinta sai ta zama ɗaki da gado, ga tankin ruwa a gabanta, ga wurin girki a gefe. Wata goma sha huɗu yana aiko manyansa, Abba yana cewa a ba shi lokaci. Ba a kama shi da sata ba, ba a kama shi da shaye-shaye ba. Laifinsa ɗaya, bai taɓa ɗora wa raƙumi kaya ba, haka ubansa. Shi kuwa Abba, Alhaji Bahedi, madugu ne tun yana saurayi, ya ja ayarin gishiri har Damargu sau goma sha ɗaya, kuma in ka zauna kusa da butar shayinsa sai ka ji labarin kowace tafiya, ko kana so ko ba ka so.

A ƙarshen watan jiya Abba ya amince. Ranar na yi kuka, na yi dariya, na ƙona miya.

Bayan kwana biyu Kaka, wadda ta haifi uwata Anna, ta aiko daga kwarinsu na bayan Idelas. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, a kawo tantin fata na auren Anna matan can su ɗinke shi su shafe shi da mai, tunda a cikinsa za a kai ni. Sai Abba ya tura ƙanensa Baffa Uksem ya ce wa Aflan in ba damuwa ya kai mu da motarsa da amalankensa. Haka yake kiran tirelar, amalanke. Wannan ne karo na farko da Abba ya nemi wani abu a wurinsa.

Ina wurin aiki saƙon Aflan ya shigo.

"Madam Sikeli, yau Dattijo ya san ina duniya."

"Ka wanke motar dai. Anna ba ta son warin fetur."

"Na wanke ta sau biyu. Har tayoyi na goge."

Ranar Alhamis bayan la'asar ya kawo tirelar, ya tura ta cikin tsakar gidanmu ya kwance ta daga motar. Ya sha shadda ruwan sararin sama, sabuwa dal, karin guga bai fita ba, ya ja amawali har ƙasan idanu, ya koma jikin bangon ƙofa ya tsaya. Kun san yadda abin yake, ba zai zauna inda Abba yake zaune ba, ba zai sha ko ruwa a gabansa ba, ba kuma zai fara magana ba. Ni ina ɗakin Anna da lafayata mai ruwan zuma, ina leƙe ta tsakanin labule ina jin daɗi kamar wawuya.

Abba ya fito da baƙar rigarsa ta saƙi, ya naɗe hannuwa. Maƙwabta uku sun shigo, Baffa ya ɗora shayi a kan garwashi. Abba ya zagaya tirelar sau ɗaya, ya buga gefenta da tafin hannu.

"Ƙarfe ne ai," ya ce. "A miƙo kaya."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, kallon Abba yana ɗora kaya abin sha'awa ne. Kowane abu sai ya ɗaga shi da hannu biyu, ya ɗan jijjiga, ya lumshe ido, sannan ya nemo masa abokin nauyi. Buhun fulawa a dama, tukwanen gas biyu a hagu. Sukari nan, dabino can. Bai yarda gefe ɗaya ya fi ɗaya da ko kwano ba, don haka ake yi wa raƙumi, in kaya ya rinjaya gefe guda sai ya yi masa gyambo. Maƙwabta suna gyaɗa kai suna cewa hannu bai manta ba.

Ni kuwa bakina ya fara ƙirga ba da izinina ba. A wuyan tirelar nan akwai wani ɗan farantin ƙarfe da Aflan ya taɓa nuna min hotonsa yana fahariya. Ita kanta kilo ɗari huɗu da hamsin ce, iyakarta ita da kaya ɗari bakwai da hamsin, kuma ba ta da birki nata, birkin motar ne ke riƙe su duka. Wato ɗari uku aka yarje mata ta ɗauka. Tankinta cike da ruwa ya riga ya cinye ɗari. Fulawa hamsin, gas hamsin da biyar, sukari da dabino wasu hamsin da biyar. Kafin Baffa ya zuba shayin farko saura kilo arba'in a ƙure ta, ga darduma uku a jingine, ga tukwanen Anna, ga itacen girki, ga jarkoki shida da ba a taɓa ba.

Wayata ta yi motsi, Aflan ne daga jikin bango.

"Kina gani?"

"Ina gani."

"An kusa iyaka. Ɗari uku aka yarje mata."

"Wataƙila sauran a motar Baffa za a sa."

"Raguna biyu da durom ɗin fetur ne a bayanta. Ba wuri."

Sai aka fito da tantin. Mata huɗu ne suka kinkimo shi, fatar awaki ja da aka ɗinke tun kafin a haife ni, da turakunsa da tabarminsa. Ko ban taɓa ba na san ya haura ɗari. Anna tana biye tana ɗingisa ƙafarta mai ciwon gwiwa, tana faɗa.

"A hankali, ba buhun gawayi ba ne. A cikinsa na haifi wannan mai dogon bakin."

Gaba ya riga ya cika da tarkacen da ba su da nauyi, barguna da matasai, don Abba ya ce kada turɓaya ta same su. Turakun kuma dogaye ne. Sai ya shimfiɗa tantin a can ƙarshen baya, turakun suka leƙo waje kamu biyu, ya jera jarkoki shida a gindinsu su tokare, uku dama uku hagu. Ya kawo igiyarsa ta gashin akuya ya ɗaure komai da wani irin ƙulli da duk unguwar shi kaɗai ya iya. Da na haɗa lissafina, ɗari shida da arba'in na samu.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake hana ni cin abinci. Abba ya zo gaban tirelar, ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin wuyanta, ya ɗaga. Ta taso masa kamar murfin kwando. Ya juya ga maƙwabta, idanunsa suna dariya.

"Kun gani? Da yatsu biyu. In kaya ya zauna daidai, ba ya da nauyi."

Suka yi ta masha Allah. Ya ɗan karkata kai wajen bango, bai kalli Aflan ba, ya yi wa iska magana kamar yadda surukai ke yi.

"Ko mai amalanke yana da gyara?"

Na ga hannun Aflan ya ƙara jan amawalinsa sama. Ya sunkuyar da kai.

"Babu, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ko minti biyu ba a yi ba saƙonni suka fara zubowa.

"Tekna, wannan ba daidai ba ne."

"Wuyan nan ya kamata sai namiji ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Kamar buhun siminti."

"Duk nauyin yana bayan taya. In muka ɗau gangara wutsiyar za ta fara kaɗawa, ta ja gindin motar. Na taɓa gani da idona."

Na rubuta, "Ka zubar da ruwan tanki da safe, ba wanda zai lura."

"Shi kaɗai ne ke danne gaban. In na zubar, abin ya ƙara lalacewa. Jarkokin ne za a cire, a dawo da fulawa da gas gaba. Sai an kwance igiya."

Wa zai kwance igiyar Abba?

Kada ku ce ban gwada ba. Na samu Anna a kicin tana kwaɓa garin gurasar hanya, na ce mata kayan sun yi yawa. Ta ce to in je in gaya wa mai kayan, ita shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa gyara masa ɗauri ba. Na ja lafayata na fita tsakar gida, na durƙusa nesa kaɗan da tabarmarsu.

"Abba, jarkokin nan, da an rage su..."

"Ruwa za a rage?" ya ce. "A hanyar daji?"

"Akwai rubutu a jikinta, na abin da za ta iya ɗauka."

"Wanda ya yi rubutun ya taɓa zuwa Idelas?"

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Goggo Kella ta leƙo daga ƙofar ɗaki, hannu a ƙugu.

"Ke Tekna, nan ba filin jirgi ba ne. Ko uban naki ma za ki ce ya biya kuɗin ƙarin kilo? Tashi ki ba mutane wuri, mara kunya, mijin da za ki aura yana tsaye."

Na tashi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina shiga ɗaki na tarar da wani saƙon.

"Zan samu Baffa Uksem bayan magariba, ya gaya masa da bakinsa. In ya ƙi, zan ce ba zan ja ta haka ba."

Nan ne wurin, 'yan uwa. Nan ne nake so ku karanta a hankali. Na zauna a bakin gadon Anna, na tuna wata goma sha huɗu. Na tuna mijin 'yar Goggo da ya taɓa gyara wa Abba lissafin kwanakin wata a gaban baƙi, yau shekara shida Abba bai sake amsa gaisuwarsa ba. Na tuna maƙwabta uku da suka ga yatsu biyun nan, gobe duk Sersuf za ta ji cewa yaron da bai san raƙumi ba ya kwance ɗaurin Alhaji Bahedi. Tsoro ne ya kama ni, ba na hanya ba, na rasa shi. Na rubuta masa da hannuna:

"Kada ka kuskura. In ka taɓa igiyar nan aurenmu ya mutu. Ka yi shiru, ka tafi a hankali, Allah zai tsare."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Can ya turo kalma ɗaya.

"To."

Washegari da hantsi muka fita. Abba ya shiga gaban Toyota, ya miƙe wuya yana kallon gabansa. Ni da Goggo za mu bi motar Baffa a baya. Na ga Anna ta nufi Toyota da jakar magungunanta, ta sha baƙar lafaya mai sheƙi da 'yan kunnenta na azurfa, ƙamshin turaren wuta yana binta. Na riƙo hannunta.

"Anna, ki zo mu tafi a tamu."

"Da wannan gwiwar? Motar Uksem ai jaki ce." Ta matso ta rage murya. "Ko kishi kike, zan riga ki shiga motar ango?"

Da zan hana ta sai na faɗi dalili, a gaban Abba, a gaban Goggo. Na sake mata hannu. Ni na buɗe mata ƙofar baya, na tattara mata gefen lafayarta kada ƙofa ta datse.

Aflan ya cika alkawari, tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai. Baffa yana ta mita, wai a haka sai jibi za mu isa. Idona yana kan allon gudun Baffa, bai taɓa wuce sittin ba. Muka yi awa ɗaya da rabi lafiya, har na fara ce wa raina ashe tsoron banza ne, har na karɓi dabinon da Goggo ta miƙo min.

Kafin In Amgel akwai doguwar gangara. Muna cikinta wata babbar mota ta taho daga gaba ta wuce mu da iskarta. Na ga turakun tantin sun yi dama. Suka dawo hagu. Suka sake yin dama, wannan karon da faɗi.

"Me yaron nan yake yi?" in ji Baffa.

Ba shi yake yi ba. Tirelar ce take jan gindin motar, gefe zuwa gefe, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Fitilun birkinsa suka kama, suka mutu, suka sake kamawa. Tayarta ta hagu ta fashe. Na ga jarka guda ta tashi sama tana juyi, ruwa yana fesowa. Sai Toyotar ta juyo tana kallonmu, na hango farin rawanin Abba ta gilashi, sannan ta kife ta gangara cikin duwatsu, sau biyu, ta tsaya a kan gefen da Anna take.

Ban san yadda na sauka ba. Na dai tsinci kaina ba takalmi ina gudu a cikin fulawa, ta rufe titi fari fat. Aflan ya riga ya fito, jini ya rufe masa rabin fuska, rawaninsa ya warware, yana jan ƙofar baya da hannu biyu yana kiran sunan Allah. Shi da Baffa suka zaro Abba, kafaɗarsa ta karye. Sannan suka zaro Anna.

Ba jini a jikinta sosai. A bayan motar Baffa muka sa ta, kanta a cinyata, muka nufi asibitin da ya fi kusa. Idonta biyu, numfashinta yana fita guntu-guntu. Ta motsa baki, na sunkuya.

"Ɗan mutane... ya fito?"

"Ya fito, Anna."

"Alhamdu lillahi."

Ba ta sake cewa komai ba. Kafin mu ga gidajen farko na garin na ji nauyin kanta ya canza a cinyata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan ba ku labarin jana'iza ba, ba zan iya ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne jandarmomi sun tafi da Aflan tun a wurin. Mutanen hanya kuma, don taimako, sun tattara kayan da suka watse aka dawo mana da su gida a mota biyu, ba wanda ya auna komai. Tantin yana nan a naɗe a zaure, duk mai shigowa gaisuwa sai ya raɓa shi.

Abba yana zaune a ɗakinsa da hannu a rataye, ya rame cikin kwana uku kamar wanda ya yi shekara yana jinya. Duk wanda ya shigo magana ɗaya yake maimaita masa.

"Gudu. Yaran yanzu da gudu. Na ɗaure kayan nan da hannuna, ko allura ba za ta motsa ba. Da yatsu biyu na ɗaga ta, Uksem shaida ne. Na ba shi amanar iyalina ya zubar min a titi."

Ba ƙarya yake yi ba, wannan ne abin da ya fi ci min rai. Har zuciyarsa haka ya yarda. Baffa kuma da aka tambaye shi nawa suke gudu, cewa ya yi idonsa yana kan hanya. Ya san sittin ne sarai, amma ba zai ƙaryata yayansa ba. Goggo Kella ta tattara kayan da dangin Aflan suka kawo, atamfofi da turare da takalma, ta ƙulle a zani ta aje bayan ƙofa.

"Dama ni jikina bai taɓa ba ni yaron nan ba," take ce wa mata. "Allah ya rufa wa Tekna asiri tun ba a ɗaura ba."

Ina jinsu, ina ta zuba wa baƙi shayi.

Ran kwana biyar Tamat, yayar Aflan, ta kira ni. Na shige banɗaki na rufe ƙofa. Muryarta ta dushe.

"Tekna, Allah ya jiƙan Anna. Wallahi kunyar kiranki nake."

"Amin, Yaya. Yaya yake?"

"Ba ya cin abinci. Sun rubuta gudu ne, bisa maganar Baba. Lauya ya ce in aka tafi a haka shekaru zai yi, kuma shi da tuƙi har abada. In kuwa kaya ne suka jawo, kuma masu rashi suka sassauta, da sauƙi." Ta ja numfashi. "Na tambaye shi wa ya ɗora kayan, ya ce shi ne. Na ce ƙarya kake, kai da kake auna ko bargo kafin ka sa. Ya ce in na sake tayar da maganar ba shi ba ni. Ƙanwata, ke kina gidan. Wa ya ɗora?"

Na sa hannu na matse famfon da yake ɗiga.

"Ba zan matsa miki ba," ta ce. "Uwa kika rasa. Amma ni ma shi kaɗai gare ni."

Kwana biyu na yi ina buɗe saƙonnin nan ina rufewa. Sau uku na danna su duka, yatsana a kan alamar gogewa. In na goge, Aflan ya tafi gidan yari da laifin da ba nasa ba, kuma na san shi, har ya fito ba zai buɗe baki ba. In na nuna, na gaya wa tsoho mai shekara saba'in da huɗu cewa hannun da yake taƙama da shi ne ya kashe matarsa. Ina son Aflan, ina tausayin Abba, kuma na tsani kaina fiye da yadda Goggo za ta iya tsanata.

Jiya, ranar bakwai, bayan azahar, wani jandarma ya zo ɗaukar bayanina tunda ina motar baya. Mutum ne mai furfura a gemu, ya cire hula a zaure, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Aka shigar da shi ɗakin Abba, don ba za a bar ni da baƙon namiji ni kaɗai ba. Na zauna bakin ƙofa da farar lafaya, wayata a dunƙule cikin hannu. Goggo ta tsaya a bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

"Malama Tekna, kin ga lokacin da abin ya faru?"

"Na gani."

"A ganinki gudu yake?"

Abba ya gyaɗa min kai a hankali, irin na ki faɗa kada ki ji tsoro.

"Sittin yake," na ce. "Idona yana kan allon Baffa tun daga gida."

Alƙalamin ya tsaya. Labule ya motsa.

"Tun daga gida? Me ya sa kike kallon allo tun daga gida?"

Na buɗe wayar na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya karanta, ya ja sama, ya sake karantawa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Abba, ya rufe littafinsa a hankali.

"Mene ne a ciki?" in ji Abba. "Idona ba ya ganin rubutun waya. Karanta min, ɗana."

"Alhaji, da an bari sai..."

"A ɗakina kake. Karanta."

Ya karanta. Ɗari uku da aka yarje mata. Wuyan da ya kamata namiji ya yi nishi. Wutsiyar da za ta kaɗa a gangara. Jarkokin da za a cire in an kwance igiya. Bai tsallake ko ɗaya ba, har nawa na ƙarshe, har "To" ɗin Aflan. Muryarsa ba hawa ba sauka, kamar mai karanta takardar asibiti.

 Abba ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya kifa shi a gwiwa, ya daɗe yana kallonsa. Na jira ya ce ƙarya ne, na jira ya yi faɗa, wallahi da ya ɗauki sandarsa ya rafka min da na gode masa.

"Ɗana," ya ce da jandarman, "ɗan ba mu wuri. Kella, ke ma."

Suka fita. Na ji takun Goggo har tsakar gida. Ya rage daga ni sai shi, da butar shayin da ta huce tun safe.

"Nawa na ɗora?"

"Ɗari shida da arba'in, Abba."

"A bayan taya."

"Yawancinsu."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Hawaye ya gangaro ya shige cikin rawaninsa, bai share ba. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba, na matsa da gwiwoyina zan riƙe ƙafarsa, ya janye ta.

"Yaron nan kunya ta hana shi, na gane wannan. Ni ma da haka zan yi." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ni kuma ban sani ba, Allah ya ga zuciyata ban sani ba. Amma ke, Tekna. Tun a tsakar gida kin san za ta iya kifewa?"

"Na sani, Abba."

Ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ni.

"Kika buɗe wa uwarki ƙofa ta shiga?"